Wa ya taɓa buga R.B.I. Baseball 2 bai san dokar wasan ba?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kwashe tarkace a ɗakin Hajiyarmu na ci karo da wani baƙin kaset, R.B.I. Baseball 2, na kamfanin Tengen, fitowar 1990. Kawuna ne ya zo mana da shi daga Amurka haɗe da na'urar wasan bidiyo ta NES. Mun fi shekara muna buga shi, ko ɗayanmu bai san mene ne besbol ba. Mu dai a jefo ƙwallo mu maka mata sanda. Akwai wanda ya yi irin wannan?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ai ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu abin da ya ɗaure mana kai, sai ka kai duka sau uku ka kuskure, a kore ka. Idan kuma mai jifa ya baudar da ƙwallo sau huɗu ba ka motsa ba, sai ka ga ɗan wasanka ya taka zuwa kusurwar farko a kyauta. Yayana ya rantse kaset ɗin ne ya lalace, ya cire shi ya hura masa iska ya mayar. Bai canza ba.

Na Tudun Wada: Ni nawa ko shiga bai yi ba. Na'urarmu irin kwaikwayon Famicom ce, wato NES ɗin Japan, mai ƙananan kaset ruwan ɗorawa, shi kuwa na NES bakinsa ya fi faɗi, ƙafa 72 ne, tamu 60. Sati guda ina kwana da shi a ƙarƙashin matashi ina kallon hoton jikinsa, daga baya na musanya shi da na tankar yaƙi.

Ɗan Fagge: Allah sarki! Mu ma da ƙyar. Ranar farko ƙanena ya soka adaftar kai tsaye a bango, ita kuwa ta wuta 110 ce, sai ƙauri. Da aka samo wata, hoton ya fito baƙi da fari a talabijin ɗinmu. Haka muka yi ta fama, ba ka bambanta rigar kowa.

Malam Mai Lissafi: Ni na fara da na ɗaya, mai 'yan wasa gajeru masu tumbi, wanda asalinsa Family Stadium ne na Namco a Japan. Na biyun ya miƙar da su, ya kuma kawo ƙungiyoyi 26 da sunayen 'yan wasa na gaske, bisa alƙaluman kakar 1989. Sunan gari kawai za ka gani, babu tambarin ƙungiya. Rigimar gidanmu kullum a kan Oakland take, saboda Canseco da McGwire da Rickey Henderson duk suna can. Sai da na girma na gane su ne suka lallasa San Francisco wasanni 4 da nema a jerin wasannin ƙarshe na shekarar. Ashe ba banza ba.

Baban Ummi: Malam, ni Texas nake ɗauka don mai jifansu Nolan Ryan. Sai dai ban san mai jifa yana gajiya ba. Tun farko nake ta zabga masa mai ƙarfi, kafin zagaye na shida ƙwallonsa ta koma tafiyar hawainiya, yayana ya yi ta aika ta bayan katanga.

Na Tudun Wada: Ɗan Fagge, kaset ɗin nan na sayarwa ne? Yanzu ina da abin saka shi.

Ɗan Fagge: A'a wallahi, Hajiya ta riga ta ce a bar mata kayanta inda ta ajiye.