Fomat ɗin katin kyamara: goge, wanke ko sassabe?

Jama'a masu ƙaramar kyamarar aljihu, da malamanmu na harshe, ku zo mu tsayar da magana kan kalma ɗaya. Da zarar kyamara ta nuna katin ajiyar hotuna ya samu matsala, shawarar da ake fara bayarwa ita ce "yi masa fomat". Idan mai kyamarar ya tambayi ma'anar haka, sai a ce masa gogewa ce. Wannan amsar tana cutar da mutane, shi ya sa na kawo zancen.

A cikin kowane kati akwai jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake ajiye. Fomat yana sake rubuta jadawalin nan sabo fil, ya nuna ko'ina fili ne, sannan kyamara ta kafa jakarta mai suna DCIM. Su kuwa hotunan galibi suna nan kwance har sai sababbi sun hau kansu, don haka manhaja irin PhotoRec takan iya tono su.

To kun ga illar "goge". Wanda ya yi fomat bisa kuskure zai ɗauka komai ya tafi, ya ci gaba da ɗauka, ya binne abin da za a iya ceto masa. Wanda ya ba wani katinsa bayan fomat kuma yana ganin ya tsabtace shi, alhali sirrinsa na ciki.

"Wanke" fa? Ta yi daɗin faɗa, amma tana da mai ita tun zamanin fim. Ka ce da mai hoto ya wanke maka kati, hotuna zai buga maka a takarda. "Sabunta" kuma masu manhaja sun riga mu, da ita suke kiran sauya tsohuwar manhaja da sabuwa.

Ni sassabe na zaɓa. Mai sassabe yana sare abin da ke saman ƙasa ne don ya shirya fili wa sabuwar shuka, kututture da saiwa suna nan a ƙasa. Aiki biyun nan, kawarwa da shiryawa, su ne ainihin fomat, kuma ban ga kalmar da ta haɗa su kamar wannan ba.

Ku gwada ta a baki. "Kwashe hotunanka zuwa kwamfuta kafin ka yi wa katin sassabe." "A cikin kyamarar ake sassabe, ba a kwamfuta ba." Na biyun nan shawara ce ta gaske, domin kyamara ta fi sanin tsarin da take karantawa. Nau'in katin da ake kira SDHC, wanda ya fito a 2006, girmansa ya tsaya a gigabait 32, da tsarin jadawali mai suna FAT32. Nau'in SDXC na 2009 kuwa, wanda ya fi haka girma, wani tsarin mai suna exFAT yake amfani da shi. Tsohuwar kyamarar da aka ƙera kafin SDXC ba za ta gane kati mai gigabait 64 ba, kuma yawan sassabe ba zai sa ta gane shi ba. Ƙaramin kati za a nema mata.

Na san za a ce kowa ya saba da fomat, a bar ta. Ban ƙi ta zauna ba, yadda kyamara da kati suka zauna. Sai dai ita ba ta gaya wa sabon shiga komai, yana danna maɓallin ne a makance.

Saura guda. Wasu kyamarorin Canon suna da zaɓin fomat na biyu mai ɗaukar lokaci, wanda ke bin katin gaba ɗaya, kuma bayansa da wuya a tono hoto. Wannan ina ganin "tumɓuke" ta dace da shi. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo mu ji, tare da jimlar da zai sa ta a ciki.