Neman kalmar Hausa: takardar da ke ɗaure mai shaida ya halarci kotu

Akwai takardar da lauyoyi ke kira "bond" ko "recognizance", wadda mai shaida ke sa wa hannu ya ɗaure kansa cewa zai zo kotu rana kaza ya faɗi abin da ya sani, in kuwa ya ƙi zuwa ba da wani uzuri ba, hukuma ta bi shi bashin kuɗi kaza. Dokokinmu sun san irin wannan ɗauri tun daga kundin bin shari'ar laifuka na Arewa na 1960 har zuwa dokar da Jihar Kaduna ta yi a 2017, amma a bakin ma'aikata sunanta ɗaya ne, wato beli.

Na ga illar wannan suna a wata kotu a nan Zariya, inda ma'aikaci ya miƙa wa wata dattijuwa daga Tudun Wada takardar, ya ce, "Hajiya, ki dangwala a nan, belinki ne." Nan take ta janye hannu ta cusa cikin mayafi, ta ce ita ba ta ɗauki kayan kowa ba. Gaskiyarta, domin Bahaushe bai san beli ba sai ga wanda ake tuhuma.

Sammaci ma bai dace ba, tunda umarni ne daga kotu, ba alkawarin da mutum ya ɗauka da bakinsa ba. Jingina kuma tana nufin an ajiye gona ko gida a hannun wani, alhali a nan ba a ajiye ko kobo sai an saɓa.

Wani malami a Kongo, nan Zariya, ya ba ni shawarar kafala, kalmar Larabci mai nufin tsaya wa wani. Kalma ce ingantacciya, sai dai dattijuwar nan ba za ta gane ta ba. Amma shawararsa ta tuna mini cewa malaman Malikiyya sun bambanta lamunin dukiya da lamunin fuska, wato mutum ya ɗauki nauyin kawo wani gaban alƙali. Ke nan lamuni ya riga ya zauna a harshen shari'armu, kuma ɗan kasuwar Sabon Gari ya san cewa wanda ya yi lamuni shi ke biya idan abu ya lalace. Don haka na tsaya a kan "takardar lamunin halarta".

Da gangan na zaɓi halarta maimakon haɗin kai, domin idan aka ce wa mutum ya ba da haɗin kai, abin da zai ji shi ne ya goyi bayan wanda ya kira shi. Mai tsara takardar ya rubuta sunan kotu, da ranar zama, da adadin kuɗin, sannan ya ce, "Na yi lamunin kaina cewa zan halarta in ba da shaida, kuma zan ci gaba da zuwa har kotu ta sallame ni."