Bindiga ɗaya, wasa biyu: in yi mata gyara ko in tara kuɗin ta biyu?

Abu Safwan, Jidda

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina da shozan, wato bindiga mai watsa ƙananan dalma, mai ɗura kanta, Beretta A400, faɗin bakinta lamba 12, tsawon bututunta inci 28, na saye ta da lasisi a baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. Har yanzu harbin faranti kawai nake yi da ita, wato farantin da inji yake cillawa sama a harbe shi, musamman sikit, inda farantai suke gifta gaban mutum daga hagu da dama. Yanzu kulob ɗinmu ya fara shirya harbin ƙarafa da agogo, inda mutum yake gudu daga wuri zuwa wuri yana kayar da ƙarafa ana auna lokacinsa, kuma raina ya biya. Abin da na ware riyal 3,000 ne. Shin in ƙara mata doguwar ma'ajiyar harsashi da babban maɓalli (wanda ake dannawa harsashi ya shiga bututu) da faɗaɗa wurin ɗura harsashi, ko in bar ta yadda take in tara kuɗin wata? A lura da abu biyu: ni bahago ne, kuma ba ni da niyyar sayar da wannan.

Alhaji Mai Langa, Makka

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka sayar da ita ka sayi mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Duk wanda ya kalli gasar Olamfik ya san da irinta ake harbin faranti, domin ba ta da abin motsi da yawa, kuma tana ba ka matsin baki iri biyu a lokaci guda, ɗaya don farantin kusa ɗaya don na nesa. Sa'id Almuɗairi, wanda ya ciwo wa Saudiyya zinare a sikit a wasannin Asiya na Hiroshima a 1994, har gasar Olamfik ta Tokyo ya je yana da shekara fiye da hamsin, kuma ba tarin kayan ƙawa ne ya kai shi ba. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Abu Safwan, Jidda

Na gode, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Sai dai na ambata cewa ba zan sayar ba, kuma mai baki biyu harsashi biyu kawai take ɗauka, ba za ta yi harbin ƙarafa ba.

Injiniya Bazazzagi, Dammam

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ƙa'idojin wasannin biyu suna jan bindiga zuwa ɓangarori daban-daban. A ƙa'idar hukumar harbi ta duniya, ISSF, an yarda da mai ɗura kanta a sikit da tirab (inda faranti yake tashi yana nisantar mai harbi), amma dole a toshe ma'ajiyar ta yadda ba za ta karɓi fiye da harsashi ɗaya ba, ban da wanda ke cikin bututu, kuma an hana madubin saiti da maratayi, sannan dalmar harsashi giram 24 ce. A ƙa'idar IPSC kuwa, wato hukumar da ke kula da irin harbin nan na agogo, rukunin da ake kira Standard yana barin mutum ya fara da harsashi tara, shi ma babu madubi. Saboda haka duk abin da za ka ƙara, ya zama wanda ake kwancewa da hannu a mayar, kamar doguwar ma'ajiya da babban marikin ja da babban maɓalli. Inci 28 ya ɗan yi tsawo wajen juyawa tsakanin shingaye, shi ya sa Beretta 1301 Comp take zuwa da inci 21 ko 24, amma tsawon ba zai hana ka fara koyo ba.

Ɗan Gwammaja, Riyad

Abu Safwan, don Allah kada ka bari kowa ya sa wa bindigarka zarto ko injin gurza. Ni tawa Benelli M2 ce, wadda ba da hayaƙin albarushi take aiki ba, da shurin da take yi baya take jefar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi. Na kai ta wurin wani mai gyara da aka yaba mini shi ƙwarai, na ce ya faɗaɗa wurin ɗura harsashi ya sa doguwar ma'ajiya da abin maƙala harsashi a gefe. Ya karɓi riyal 1,800, ya riƙe bindigar fiye da lokacin da muka yi alkawari, kuma da na karɓo ta sai na ga ya ci ƙarfen har ya kusa taɓa wurin da ke riƙe harsashi a bakin ma'ajiya. Na yi masa magana, ya ce haka ake yi a Amurka.

Ranar da na fita da ita gaban jama'a, harsashi biyu suka faɗo tare suka toshe ta tun a ƙarfe na uku. Alƙalin fili ya tsayar da ni, na tsaya ina ƙoƙarin cire su bakin bindiga yana kallon gaba, mutane suna jira a rana. Da aka gyara wannan, sai wata matsalar ta fito: nauyin da aka ƙara mata ya rage shurin da take dogara da shi, don haka da na koma faranti da harsashin giram 24 sai ta daina jefar da kwanso, kullum sai na ja da hannu. Na koma wurinsa ya ce laifin harsashi ne, na je wurin dillalin da na saya ya ce tunda an gurza jikinta garanti ya faɗi. Jikin nan kuwa shi ke ɗauke da lambar da ke rubuce a lasisi, ba abu ne da za ka sayo wani ka musanya kamar tayar mota ba. Yau bindigar tana kulle a akwati, ba ta yi mini faranti ba ta yi mini ƙarafa ba, kuma mutumin bai mayar mini da ko riyal ɗaya ba. Na bar shi da Allah.

Ummu Hanan, Madina

Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Amma riyal 1,800 ya yi yawa ƙwarai. Maigidana ya sa doguwar ma'ajiya da babban maɓalli a kan ƙasa da riyal 700.

Ɗan Gwammaja, Riyad

Hajiya, wataƙila kafin watan Yuli na 2020 ne, lokacin da harajin kaya yake kashi 5 cikin ɗari, kafin a mayar da shi kashi 15.

Abu Rayyan, Ɗa'ifa

Haraji ba zai ninka kuɗi fiye da sau biyu ba. Ni an nemi riyal 1,200 a wurina don ma'ajiyar kaɗai, ban da kuɗin aiki, kuma aka ce sai na jira a kawo. Bambancin yana wajen ko ta kamfani ce sananne ko kuwa wadda ba ta da suna, sannan ko an haɗa da sabon sifirin mai tsawon da ya dace, domin idan sifirin ya gaza, harsashi na ƙarshe ba ya fitowa da ƙarfi.

Injiniya Bazazzagi, Dammam

Labarin ɗan'uwanmu na Riyad abin tausayi ne, amma rabinsa bai shafi mai tambaya ba. A400 da hayaƙin albarushi take tura fistan, saboda haka ƙarin nauyi ba ya hana ta aiki yadda yake hana mai dogaro da shuri. Abin da ke damun irinta a ƙasar nan shi ne baƙin hayaƙi da ƙura idan suka haɗu da mai, don haka a riƙa goge fistan ana barinsa kusan a bushe.

Alhaji Mai Langa, Makka

Injiniya, duk wannan a intanet ka karanta. Ni tun kafin a haife ka nake riƙe bindiga, kuma ban taɓa ganin wanda ƙarin ƙarfe ya koya wa harbi ba. Wanda ya sha wuyar abu, irin Ɗan Gwammaja, shi ya fi cancanta a saurara.

Injiniya Bazazzagi, Dammam

Allah ya huci zuciyarka, Baba, ba raina gogewarka na yi ba. Ƙa'idojin da na kawo a rubuce suke, kuma da su alƙali zai duba bindigar yaron nan kafin ya bar shi ya tsaya a tasha.

Autan Hajiya, Jidda

Baba Alhaji, a faɗa mana gaskiya, bindigar da aka fara riƙewa ɗin nan ba 'yar toka ba ce, wadda ake ɗura wa albarushi da tsumma ta baki? Idan ita ce, to lallai ba ta buƙatar doguwar ma'ajiya, sai dai doguwar addu'a kafin a ja kunama.

Alhaji Mai Langa, Makka

Ita ce, ɗan nema, kuma zabin da ta kayar sun fi farantan da ka fasa yawa.

Koci Abu Usama, Riyad

Na karanta duk amsoshin, kuma babu wanda ya taɓa maganar cewa Abu Safwan bahago ne, alhali a ganina nan ne kuɗinsa na farko ya kamata ya tafi. Shozan ba a saita ta da tsinke kamar raifil, ido ne yake zama saitin baya, don haka idan gindin bindiga bai zauna daidai da kunci da kafaɗa ba, dalma za ta tafi wani wuri dabam da inda kake kallo. Yawancin bindigogi ana fito da su an karkata gindin don na-dama. A400 tana zuwa da ƴan farantai na roba da ƙarfe da ake sakawa tsakanin gindi da jiki, waɗanda ke sauya karkata da saukar gindin, kuma ana iya juya su don bahago ba tare da an yanke komai ba. Ka duba akwatin da ta zo a ciki. Bayan haka ka je allon gwaji ka harba daga nesa ɗaya da kowane cok, wato abin matsin baki da ake ɗaurawa a bakin bututu, ka ga inda tsakiyar dalmar ta sauka. Don sikit buɗaɗɗen cok ya isa, tunda farantin faɗinsa milimita 110 ne kuma kusa yake wucewa, amma ƙarfe mai nauyi da ke nesa yana son matsi ya ɗan ƙaru domin dalma ta taru ta ture shi. Ka tabbata cok ɗin na tsarin bututunka ne, domin ba duk na Beretta da na Benelli ne suke shiga juna ba, kai ko a cikin Beretta ɗin ma tsari ya bambanta. Kwanso zai riƙa fita ta dama ya gifta gaban fuskarka, saboda haka tabarau ba abin sakaci ba ne a wurinka.

Game da ma'ajiya kuwa, dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijiriyya ta yi magana a kan sauya yadda makami yake aiki da kuma wanda aka yarda ya yi gyara. Kafin ka sayi komai, ka tambayi sashen lasisi, kuma ka kai wa mai gyara mai izini kaɗai.

Bakatsine a Jidda

Ku dai da kuke da takardar ɗan ƙasa kuna maganar abin da za ku ƙara wa bindigoginku. Mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, sai dai ta haya a kulob, yau a ba ka doguwa gobe gajera, babu damar juya gindi ko sauya cok. Harsashin ma dole a wurinsu za ka saya, kwalin 25 a kan riyal 60.

Abu Rayyan, Ɗa'ifa

A wurinmu 45 ne, sai dai kuɗin faranti daban ake biya, kuma ko an fasa ko ba a fasa ba an ƙirga.

Ummu Hanan, Madina

Ku gode wa Allah kuna da filin a kusa. Mu sai mun yi doguwar tafiya, kuma lokacin da ake ware wa mata yakan faɗo da tsakar rana, lokacin da bututu yake zafi har ba ya taɓuwa bayan zagaye ɗaya.

Bakatsine a Jidda

Wannan shi ne abin da ya kamata mu haɗu mu rubuta wa masu kulob a kai, a ware bindigogin haya biyu ko uku da aka daidaita don bahagwai da masu gajeren hannu, a kuma bar mutum ya riƙa karɓar guda ɗaya kullum. Wa zai tsara takardar da Larabci?

Abu Safwan, Jidda

Koci, na duba akwatin na ga ƴan farantan, amma akwai haruffa da lambobi a jikinsu, ban gane wanne ne na bahago ba. Kuma har yanzu ina jiran wanda ya taɓa sa doguwar ma'ajiya a kan A400 ita kanta ya faɗa mini ko tana sauya ma'aunin bindigar wajen bin faranti.

Autan Hajiya, Jidda

Ni zan rubuta takardar idan Abu Rayyan zai turo mini farashin nasu a rubuce, domin mu nuna musu bambancin.