Wanda ya sa manyan tayoyi agogon gudunsa ya rikice, ya zo mu ji yadda ya yi

Mai Hilux, Yelwa, Garwa

Salamu alaikum jama'a. Kafin damina na cire tayoyin da Hilux ɗina ta zo da su, 265/65 R17, na sa 285/70 R17, saboda hanyar Poli da nake yawan bi. Motar ta ɗaga, cikinta ya daina gogar ƙasa, wannan kam alhamdu lillahi. To amma yarona ya kunna GPS na wayarsa muna kan kwalta wajen Pitowa, allura tana kan 100 shi kuma yana ganin 104. Da tsofaffin tayoyin, wayar ce kullum take ƙasa da allura. Mai facin da ya sa mini su ya ce ba komai, haka kowa yake yawo. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa gyara nasa ya gaya mana inda aka taɓa a jikin motar, da yadda ta kasance bayan gyaran.

Malamin lissafi, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Wayar yaron ce take da gaskiya. Mota ba ta san gudunta ba, juyin taya kawai take ƙirgawa, ta ninka shi da tsawon zagayen tayar da kamfani ya rubuta mata. Ka sa taya mai tsayi, kowane juyi ɗaya ya fi cin ƙasa, ita kuwa tana nan kan tsohon lissafinta.

Ga yadda ake fitar da tsayin taya daga rubutun jikinta. A 265/65 R17, 265 faɗi ne a milimita, 65 kuwa tsayin gefen taya ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma rim ne a inci. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, saboda haka 265 sau 0.65 sau 2 ya ba da 344.5, rim kuma 17 sau 25.4 ya ba da 431.8. Jimla milimita 776. Sabuwar taka, 285/70 R17, ta kama 831. Raba 831 da 776, ka ga ƙarin kashi 7 cikin ɗari.

Za ka ce to me ya sa ka ga bambancin 4 kawai ba 7 ba? Saboda tun daga kamfani allura tana ɗan yin ƙari. Ƙa'idar da motocin Turai da na ƙasashe da yawa suke bi ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya wuce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Masu ƙera mota sukan bar ɗan rata don kada su faɗa wa doka. Sabbin tayoyinka sun cinye wannan ratar, suka ƙara da nasu. Shi ya sa wanda ya tashi daga 265/65 zuwa 265/70, ƙarin kashi 3 da ɗan abu, sau da yawa allurarsa daidai take komawa, har ya riƙa cewa taya ta gyara masa agogo.

Abu ɗaya kada ka manta: kuskuren kashi ne, ba lamba ce tsayayya ba. A cikin gari kana 40 da ƙyar za ka lura, a buɗaɗɗiyar hanya ne yake girma.

Ɗan Kusiri

Ni fa ban kai wa kowa ba. Farin salatif na yanka siriri na manna a gilashin agogo daidai inda GPS ya ce 60, wani kuma inda ya ce 90. Masu radar ba su taɓa kama ni da shi ba. Sefa ɗari na kashe, salatif ɗin ma bai ƙare ba.

Direban ƙungiya, Njamena

Ɗan Kusiri, salatif yana maganin allura, amma ba ya maganin kilomita, kuma ni kilomita ce ta kusa raba ni da aikina.

Inda nake tuƙi akwai tsohuwar Hilux mai 205 R16. Aka yanke shawarar a sa mata 265/75 R16 da sabbin rim saboda ayyukan da muke zuwa kudu, ta Bongor har Mundu da ƙauyukan bayanta. Mu dokarmu kowane direba yana cika littafi: kilomitar tashi, kilomitar sauka, litar gazuwal da aka zuba. Ƙarshen wata mai lissafin kuɗi ya kira ni ofis, ya juyo mini takarda, ya ce motar da take shan lita 10 a kilomita ɗari yanzu ta haura 11 da rabi, ina ragowar man yake zuwa? Bai ce na sata ba, amma duk wanda ya yi tuƙi a ƙarƙashin wani ya san ma'anar wannan tambayar. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Wani abokin aikinmu ne ya ce a gwada da GPS. Muka ɗauki mai lissafin da kansa, ya zauna gaba da waya a hannu, na mayar da ƙaramin lissafin tafiya sifili. Da wayar ta cika kilomita 100, motar 91 ta rubuta. Ya cire tabarau ya sake dubawa. Ashe kilomita 9 cikin kowace ɗari ba sa shiga littafi, alhali man da suka sha yana shiga. Wannan kaɗai ya mayar da lita 10 ta koma kusan 11 a takarda. Ragowar rabin litar kuwa gaskiya ce, tayar ta fi nauyi ta fi faɗi, dole injin ya ƙara sha. Yanzu a saman littafin motar an rubuta da jan biro a ninka kilomita da 1.095 kafin a yi lissafin mai. Duk mai direba a nan, don Allah idan ka canza taya ka tuna da wannan kafin ka zargi bawan Allah.

Makaniki, Baladji, Ngaundare

Sannunku. Alhaji mai Hilux, gyaran ya danganta da inda motarka take ɗaukar gudu, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Tsofaffin motoci irin su Hilux da Land Cruiser na da, kebur ne yake tasowa daga bayan giyabos ko akwatin 4x4 ya hau har bayan agogo. A bakin kebur ɗin akwai wata 'yar ƙaramar giya ta roba, ba ta fi yatsa ba. Ƙusa ɗaya ce take riƙe da gidanta, ka kwance ka zaro ta, ta fito jiƙe da man giya. Ka goge ta ka ƙirga haƙoranta. Babbar taya tana sa agogo ya yi ƙasa, to kana buƙatar kebur ya ƙara saurin juyi, wato giya mai ƙarancin haƙori. Misali idan taka 20 ce, mai 19 za ta ƙara maka kamar kashi 5, mai 18 kamar kashi 11. Ka ga ba kullum take faɗawa daidai ba, mafi kusa ake ɗauka. Kuma ba kowace za ta shiga ba ko da ta zauna a ramin. Dole haƙoranta su yi daidai da na giyar da take juya ta a ciki. Na ga wadda aka cusa da ƙarfi, allura ta yi ta rawa sati guda, daga nan ta kwanta gaba ɗaya, da muka zaro robar haƙoran sun shafe sumul. Mu a nan wurin masu tsofaffin giyabos muke nemo su, mu tafi da tsohuwar a aljihu mu gwada gefe da gefe.

Motocin da ke tsakanin tsofaffi da sababbi, giyar tana nan amma sansa mai waya uku take juyawa, wato 'yar na'urar lantarki mai ƙirga juyi, ba kebur ba. Waɗannan ko ka canza giyar, ko mai wayarin ya sa maka ɗan akwati a kan wayar.

Sababbi kuwa ba su da komai a giyabos. Daga sansar ABS ta ƙafafuwa, wato tsarin da ke hana birki kulle taya, gudun yake zuwa, ya bi ta kwamfutar mota. Taka mai rim 17, in daga 2015 zuwa sama ce, nan ta faɗa. Sifana ba ta da aiki a wurin.

Mai wayarin, Garwa

Gaskiya ne maigida. Akwatin da yake faɗa na sa shi a motoci, akwai SpeedoHealer akwai wasu marasa suna da ake kawowa daga Dubai da Sin. Waya huɗu ce yawanci: wuta, ƙasa, shigar sigina, fitar sigina. Ka yanke wayar sigina ta sansar giyabos ka ratsa akwatin a tsakiya, sai ka danna masa kashin da kake so. Amfaninsa kan giyar roba shi ne kana iya sa 6.5 ko 7.2, duk abin da awo ya ba ka. Ni ba na saita shi da lissafin takarda. Sai mun hau hanya da GPS, domin tayoyi biyu masu rubutu ɗaya daga kamfani biyu ba lallai tsayinsu ya zo ɗaya ba, balle ta gwanjo da ta ci rabin zanenta. Tayar daji mai zurfin zane, tsakanin sabuwa da suɗaɗɗiya akwai kusan kashi 2.

Sai ka zaɓa kuma: allura kake so ta zauna daidai ko kilomita? Sigina ɗaya suke ci. In ka daidaita kilomita, allura za ta koma yin ɗan ƙarinta na kamfani. Ni daidaita kilomita nake ba mutane shawara.

Roƙona ɗaya, kada kowa ya bari a yanka masa wayar sansar ABS a ƙafa a ce za a sa akwati a can. Birki ne wannan. Masu irin wannan tsarin, wasu ana shiga kwamfutarsu ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari a canza girman taya, kamar yawancin Ford da Jeep. Toyota ba ta saba bayar da wannan ƙofar da sauƙi ba, sai an nemo na'urar da aka yi wa ainihin samfurin motar, a jona ta bayan agogo.

Hajiya mai atamfa, Marwa

Ni ban san haƙori ban san sansa ba. Ɗana ne ya sa wa motar kayanmu manyan tayoyi, wai ta fi kyan gani. Abin da na lura shi ne baƙin mai yana yin baƙi ƙirin kafin lokacin juye ya yi, ga ƙurar hunturu ga zafin Maris da Afrilu na garin nan. Da aka yi mini bayani irin na Malam, na gane in agogo ya ce 5,000 mun riga mun wuce da ɗari uku da wani abu. Na ce wa yaron garejin ya riƙa rubuta 4,500 a 'yar takardar da yake rataya mana. Malam, Allah ya saka da alheri, yau na ga lissafin da idona.

Tsohon direban Ngaundare zuwa Kusiri

'Ya'yana, ina karanta ku. Mu da muka yi tuƙi babu waya babu GPS, duwatsun kilomita na bakin hanya su ne ma'auninmu. Ka tsayar da allura kan 60, ka duba agogon hannu daga dutse zuwa dutse. Minti ɗaya cif, agogonka lafiya lau. In ka isa a daƙiƙa 56, kana gudu fiye da abin da yake faɗa. A 90 daƙiƙa 40 ne. Kada ka yarda da dutse ɗaya, wasu an tuge su an mayar ba a wurinsu ba, ka haɗa biyar ko goma ka raba.

Amma ni damuwata ba agogo ba ce. Babbar taya tana rage wa mota ƙarfin ja. Wanda yake hawan falez, wato tudun nan na hanyar Ngaundare, daga Mbe da kaya zai gaya maka, inda yake hawa da giya uku yanzu sai ya nemi biyu, kulochi yana wari. Gangarowa kuma birki ya fi wahala, domin tayar ta fi tsayi ta fi nauyi. Akwatin mai wayarin ba ya gyara wannan. Land Cruiser da muka sani 7.50 R16 take sawa, doguwa siririya, ta shiga laka ta yanka ta fita. Wannan faffaɗan da samari suke so, a rairayin Chadi na yarda tana da rana, a lakar Waza da Dabanga kuwa ban ga abin da ta fi siririyar da shi ba.

Ɗan Kusiri

Baba, a rairayi ma ai sai an sace iska tukuna. Kuma in ka sace iska agogon ya sake canzawa kaɗan, salatif ɗina ya tashi aiki sai na koma kwalta.

Mai Hilux, Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai jama'a. Mun auna a hanyar Ngong da safe kafin manyan motoci su fito. Mota ta rubuta kilomita 50, waya ta ce 53 da rabi, daidai da kashi 7 na Malam. Tawa ta 2017 ce, don haka maganar giyar roba ta faɗi. Zan bi ta wurin mai wayarin a duba ko ana samun na'urar da ta dace da ita, kafin nan na rubuta 1.07 na manna kusa da giya. Wata tambayar kuma: safayata har yanzu tsohuwar 265/65 ce, domin babbar ta ƙi shiga ƙarƙashin bodi. Akwai matsala?

Makaniki, Baladji, Ngaundare

Akwai, Alhaji. Bambancin tsayinsu ya kai santimita 5 da rabi. In ka yi faci a baya ka sa ƙaramar a can, difaranshal, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya, zai yi ta aiki kamar kana cikin kwana alhali kana tafiya miƙe, kuma fitilar ABS tana iya kamawa saboda ƙafa ɗaya ta fi sauran juyi. In dole ta kama, ka ɗauko babba daga gaba ka mayar baya, ƙaramar ta zauna gaba, ka cire 4x4, ka tafi a hankali zuwa wurin mai faci mafi kusa. Ka nemi ta biyar irin sauran, ko ta gwanjo ce, a ɗaure ta a bayan motar da sarƙa da kwaɗo.