Daga aikin kilawud zuwa kula da injinan bulokcen: ta ina zan fara?

Baƙon Fage:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aikin injiniyan kilawud, yawanci a kan AWS (kilawud ɗin kamfanin Amazon), da manhajojin tsara sabar irin su Terraform da Kubernetes. Yanzu wani kamfani mai kula da injinan tantancewa na Ethereum (injinan da ke tabbatar da cinikayya a kan wannan bulokcen) yana zawarcina, ni kuwa ko harafi ɗaya na Solidity ban iya ba. Dole sai na koye shi tukuna?

Mai Gadin Sabar:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Solidity yaren rubuta manhaja ne na masu rubuta kwangilolin da ke aiki da kansu a kan bulokcen. Shekara uku ina wannan aiki, ban taɓa rubuta shi ba. Linux da manhajojin sa ido a kan sabar, Prometheus da Grafana ɗin nan naka, da su za ka ci gaba da cin abinci.

Abin da zai cuce ka shi ne sabon da ka yi da kilawud. An koya mana tayar da sabar biyu, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta karɓa. A nan kuwa, in injina biyu suka riƙe mabuɗi guda suka sa hannu a kan abubuwa masu karo da juna, sai a yanki wani kaso daga jinginar da aka ajiye, wadda ba ta gaza ETH 32 ba (ETH kuɗin Ethereum ne), a kuma kori mai tantancewar. Babu inda za ka kai kuka. Amma injin ya mutu na awa guda? Ɗan abin da za a zaftare bai taka kara ya karya ba.

Na taɓa mayar da wani mabuɗi sabon inji cikin dare, shaf na manta Kubernetes zai sake tayar da tsohon da kansa. Allah ya rufa asiri, na riga na goge mabuɗin daga can. Sai da gumi ya karyo mini.

'Yar Linux:
Malam, manhaja biyu ake haɗawa don tayar da injin Ethereum, misali Geth da Lighthouse. Ka tayar da su da hannunka a kan Hoodi, hanyar gwaji ce, ka bar su mako biyu kana lura. Kada ka yi rowar faifai: NVMe mai terabait 2. Kusan duk daƙiƙa 12 sabon bulo ke fitowa, faifai maras sauri ba zai taɓa cim masa ba.

Tsohon Hannu:
Ni dai ka tambaye su da me za su biya ka, kuɗi ko tokin ɗinsu, wato kuɗin kirifto nasu. Waɗanda suka ga faɗuwar kasuwar kirifto ta FTX a Nuwamban 2022 sun san dalilin tambayar.

Baƙon Fage:
Na gode ƙwarai. Wallahi da sabar biyun nan na so in fara yi musu burga ranar ganawa. Daren nan zan sauke Geth.