Wai Bulus daga Seneka ya kwafo?

Nasiru: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, da yawan abin da ke cikin Sabon Alkawari daga rubutun Romawa masu bautar gumaka aka kwaso shi. Ku duba Seneka, malamin sarki Nero, a wasiƙarsa ta 41 zuwa ga Lusiliyus ya ce Allah na kusa da kai, yana tare da kai, yana cikinka, har da cewa akwai ruhu mai tsarki zaune a cikinmu. Bulus kuma a 1 Korintiyawa 3:16 ya ce ku haikalin Allah ne, Ruhun Allah na zaune a cikinku. Ai wannan ba sai an je gaban alƙali ba.

Rifkatu: Yaya Nasiru kamanni kam akwai, ban musa ba, amma wa ya riga wani? Wasiƙar Korintiyawa wajen shekara ta 54 aka rubuta ta, shi ko Seneka sai da ya janye jiki daga fada a 62 sannan ya zauna rubuta wa Lusiliyus, ya mutu a 65. Ta ina mutum zai kwafi abin da ba a rubuta ba tukuna? Ga shi Bulus da Girkanci ya yi rubutu, Seneka da Latin.

Nasiru: To wasiƙun nan 14 da Bulus da Seneka suka aika wa juna fa?

Malam Sani: Nasiru waɗannan na jabu ne, wani ne ya zauna ya haɗa su a ƙarni na 4, Jerom, malamin Kirista da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, shi ne ya fara ambatonsu wajen 392 kuma Latin ɗin ciki bai kama ƙafar na Seneka ba ko kaɗan. Tatuliyan, marubucin Kirista na Kartaj da ya rayu wajen shekara ta 200 yana son Seneka har yana cewa sau da yawa namu ne, amma bai taɓa kawo zancen wasiƙun ba, da suna nan ai da su zai fara kafa hujja. Haɗin da ya tabbata shi ne Galiyo, wan Seneka uwa ɗaya uba ɗaya, gwamnan Akaya da aka kai ƙarar Bulus gabansa a Koranti, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 18, kuma rubutun dutsen da aka tono a Delfi ya nuna ya yi gwamna wajen 51 zuwa 52. Shi ma korar ƙarar ya yi bai saurari Bulus ba. Ni a ganina rijiya ɗaya suka ɗebo kalmomi, falsafar Sitoyik, wadda Seneka ke bi, ta cika gari lokacin, Tarsus garin su Bulus ma cibiyarta ce, sai dai ruhun da Seneka ke nufi hankalin ɗan Adam ne da yake ganin yanki ne na Allah, na Bulus kuwa baiwa ce da ke sauko wa mai bi.

Nasiru: Na ji Malam. Amma Bajil, mawaƙin nan na Romawa, fa? Shi dai a shekara ta 40 kafin haihuwar Almasihu ya yi ta huɗu cikin waƙoƙinsa na makiyaya, inda ya ce budurwa za ta dawo, za a haifi yaro, maciji zai mutu, garke ba zai ji tsoron zaki ba. Nan kam ya riga Linjila.

Rifkatu: Ya riga Linjila amma bai riga annabi Ishaya ba, karanta sura 7 da 11. Kuma budurwar Bajil ba uwar yaron ba ce, allahiyar adalci ce da suke cewa ta bar duniya.

Malam Sani: Gaskiyar Rifkatu, amma ke ma ƴata ki yarda Kiristocin farko ne da kansu suka jawo waƙar nan, marubucin Kirista Laktantiyus da sarki Kwanstantin duk sun karanta ta a matsayin annabci, Jerom ne ya tsaya ya ce shirme ne na yara. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Proba, wata mata ƴar manyan Roma, a tsakiyar ƙarni na 4 ta tsinto baitukan Bajil ɗai-ɗai ta jera su har 694 ta ba da labarin halitta da rayuwar Yesu da su, shi ya sa ko sunan Yesu da Maryamu babu a ciki tunda Bajil bai san su ba. Mutanen nan da waƙoƙin Bajil suka koyi karatu tun suna yara, Agustin ɗan Tagas ta Aljeriyar yau ya faɗa da bakinsa ya yi kuka kan mutuwar Dido, sarauniyar da ke cikin wata waƙar Bajil, yana ɗan makaranta. In ka ga kamanni a rubutun Latin na waɗannan ƙarnonin baya, yawanci daga nan ne.

Nasiru: Seneka na sake shi Malam, shekarun sun kama ni. Amma na Bajil ban gamsu ba wallahi, ta ina Baroma ya ji maganar Ishaya?

Rifkatu: Yahudawa na zaune a Roma a zamaninsa Yaya, kuma an fassara Ishaya zuwa Girkanci tun kafin a haifi Bajil. Ko ya karanta ko bai karanta ba, a nan ne malamai suka rabu har yau.

Nasiru: To a turo min waƙar gaba ɗaya, daren nan zan ajiye ta gefen Ishaya 11 in bi su layi-layi.