Abin da aka tsayar a majalisa kan wuƙar aljihu

Daren Juma'a, bayan an dawo daga kasuwar Wudil, hira ta karkata kan 'yar wuƙar nan mai naɗewa, mai ɗauke da almakashi, sukundireba da ɗan zarto. Kusan kowa ya yaba mata, musamman masu noman rani: injin ban ruwa ya tsaya a fadama, da ita za ka kwance ka duba, ba sai ka koma gida ba.

Gardamar a kan wacce za a saya ce. Bakanikenmu ya ce mai babur ya nemi mai filaya, irin ta kamfanin Leatherman na Amurka. Wasu suka tsaya kan jar nan ta Victorinox, kamfanin Suwizalan da aka kafa a 1884, don ba ta da nauyi a aljihun riga. Ni ma nan na karkata. Sai dai jabu ta cika kasuwa. In ka buɗe ka ji bakin yana girgiɗi, mayar wa mai sayarwa da abarsa.

Dattijon cikinmu ya ja kunne: kada a yanka ko kaza da ita, bakin gajere ne, tana iya naɗewa kan yatsa. A goge ta bayan yanka mangwaro, a ɗiga mata mai saboda tsatsa, kuma a nisanta ta da yara.